Yadda za ka tsallakar da lambunka daren farar raɓa, ka mori ɗumin da ke biyo baya

A Kadawa ko Kura, mai lambu murna yake yi idan sanyi ya shigo, domin a lokacin ne tumatir da alkama suke yin kyau. A jihar Minnesota ta Amurka, inda nake zaune kuma nake da 'yan fangaloli a wani lambun haɗaka da ke St. Paul, sanyin kaka shi ke tashin manoma daga gona. Dare ɗaya ya isa. Ka bar attarugunka da yamma kore shar, ka dawo da hantsi ka tarar ganyen ya yi baƙi ya langaɓe.

Abin da nake so 'yan'uwa sababbin zuwa su riƙe shi ne, sanyin farko ba ya zama. Yawanci dare ɗaya ne ko biyu, sannan gari ya riƙa sassautawa a hankali har a sami mako biyu ko uku na rana mai daɗi. Wanda ya kare shukarsa a waɗannan darare ya sami ƙarin girbi, musamman na attarugu, wanda a nan ba ya fara nuna sosai sai ƙarshen kaka. Wanda ya bari ta mutu kuwa sai ya zauna yana kallon rana mai kyau tana haska matattun kara. Duk shekara ina ganin haka a fangalolin maƙwabtana, kuma abin yana yi mini ciwo, don aikin wata biyar ne yake tafiya saboda rashin bargo guda.

Karanta hasashen yanayi

A nan da ma'aunin Farenhait ake faɗin zafi da sanyi. Lambobi uku za ka haddace. Digiri 36, wato wajen 2 a ma'aunin Selshiyos, daga nan raɓa za ta iya daskarewa a kan ganye, ita ce farar raɓa. Digiri 32, wato sifili, nan ruwa ke zama ƙanƙara. Digiri 28 kuma, idan ya daɗe na wasu awoyi, kusan duk wata shuka ta ƙasar zafi ta gama yawo, ko da an yi mata rufi mara kauri.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wadda ofishinta na yankinmu yake Chanhassen, tana turo gargaɗi iri biyu. Idan ka ga an rubuta Frost Advisory a wayarka, ana sa ran sanyi zai sauka tsakanin 33 da 36. Idan Freeze Warning ne, ana sa ran 32 ko ƙasa da haka. Mutane da yawa sukan ga 36 su ce ai bai kai na ƙanƙara ba, su kwanta. Amma na'urar da hukuma ke awo da ita a sama take, kusan tsayin mutum daga ƙasa, kuma a dare mara iska, ƙasan da ganyen kabewarka yake kwance ya fi can sanyi da digiri uku ko huɗu. Saboda haka ni da na ga 38 ma nake fara shiri.

Bayan lamba, fita waje da magariba ka duba abu uku: sama, iska, da laima. Da rana ƙasa tana shan zafin rana, da dare kuma tana sakinsa. Idan akwai gajimare, yakan tare wannan zafi ya mayar da shi ƙasa. Idan akwai iska, takan gauraya sanyin ƙasa da ɗumin da ke sama kaɗan. Daren da ake tsoro shi ne wanda sama ta yi tangaran, taurari suka fito tar, ganyen bishiya ko motsi ba ya yi, kuma iska ta bushe. A cikin hasashen akwai lambar da ke nuna matakin da raɓa za ta fara sauka. Idan ta haura 45, ka yi barcinka. Idan ta yi ƙasa kusa da 30, babu laimar da za ta rage gudun sanyin, zai yi ta sauka har gari ya waye.

Ga wani abu da ya kamata ka sani game da tafiyar wannan sanyi. Iska ce mai nauyi take gangarowa daga Kanada. Ranar da ta iso, takan zo da ƙarfi, wani lokaci da yayyafi, kowa ya ji sanyi a jikinsa ya ruga ya rufe lambu. Amma sau da yawa ba wannan daren ne mai kisa ba, saboda iska tana kaɗawa. Dare na biyu, lokacin da iskar ta kwanta, sama ta washe, shi ne mugun. Daga nan sai tsakiyar wannan iska mai nauyi ta zarce gabas, iskar kudu ta fara busowa, kowace rana ta ɗara ta jiya ɗumi. Don haka kada ka naɗe bargunanka bayan daren farko.

Inda lambunka yake ma yana da tasiri. A cikin Minneapolis da St. Paul, gine-gine da kwalta suna riƙe zafi, sanyin farko kan jinkirta zuwa farkon Oktoba ko tsakiyarsa. Ƙauyukan da ke kewaye sukan riga mu da mako ɗaya ko biyu, arewacin jihar kuwa tun a Satumba suke gamawa. A gida kwari da fadama ake rububi, amma a nan iska mai sanyi gangarawa take yi ta taru a kwari, don haka fangalin da ke ƙasan gangare shi ke fara mutuwa. Idan za a ba ka zaɓin fili baɗi, ɗauki na tudu, ko na gefen bangon da ke kallon kudu.

Me za ka rufe, me za ka tsinke

Ba komai ne ya cancanci wahalarka ba, kuma barguna ba sa isa. Ni ga yadda nake rabawa.

Kuɓewa ba na rufe ta. Tun dare ya fara sauka ƙasa da 50 ta daina girma, ɗumin da zai dawo kuma ba zai tashe ta ba. Tsinke duk 'ya'yan, har ƙanana, ka yanka ka busar ko ka sa a firiza. Manyan da suka riga suka ƙosa suka fara tsagewa, ka ajiye su iri. Alayyafo, lalo da ɗoɗɗoya ma haka, yanke su gaba ɗaya a yammacin. Ɗoɗɗoya ba ta ma jiran ƙanƙara, sanyi kaɗan ke baƙanta ta.

Yakuwa tana da nata labarin, kuma shi ya fi ba sababbin manomanmu takaici. Shuka ce da ba ta fure sai yini ya gajarta. A Minnesota yinin bazara dogo ne ƙwarai, a watan Yuni ya haura awa 15, don haka sai ta yi ta tsawo da ganye har ta fi mutum, ba ta fara fure ba sai wajen ƙarshen Satumba. Kafin zoɓorodon ya ƙosa, sanyi ya iso. Rufi na dare biyu ba zai kai ka ga zoɓo ba. Ka ɗauke ta a matsayin ganyen miya da na fate, ka tsige ganyen duka kafin daren, ka ɗan turara ka daskarar. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Karen da suka zo daga Myanmar su ma suna noma ta, kuma don ganyen suke yi.

Abin da nake kashe wa ƙarfina shi ne attarugu da tattasai, sai gauta, sai tumatir idan yana da 'ya'ya da yawa da suka kusa nuna. Attarugu yana cin lokaci mai tsawo kafin ya yi ja, kuma a daidai wannan lokaci za ka ga gindi ɗaya ɗauke da korayen 'ya'ya rututu. Mako biyu na rana zai nunar da rabinsu ko fiye. Wannan shi ne ribar da ake faɗa a kai.

Tumatir kuwa sai da lissafi. Duk wanda ya fara canza launi, ko da ɗan ja ne a gindinsa, tsinke shi, zai ƙarasa nuna a ɗaki ba tare da ya rasa ɗanɗano ba. Korayen da suka gama girma su ma za su nuna. Don ka gane, yanka guda ɗaya: idan akwai yauƙi kewaye da ƙwayoyin, kuma wuƙa ta zame musu ba ta raba su ba, duk masu girmansa sun isa tsinka. Jera su cikin kwali, kada su hau kan juna, a wuri mai ɗan sanyi amma ba firiji ba. Idan kana sauri, sa ayaba ko tuffa a cikin kwalin, iskar da suke fitarwa tana gaggauta nuna. Ka riƙa dubawa kana cire mai ruɓa. Ƙananan da ba su ƙosa ba su za ka bari a jikin uwar ka rufe.

Kabeji, karas, albasa mai ganye, alayyafon Turawa da kel (wani ganye dangin kabeji), bar su kawai. Farar raɓa ba ta yi musu komai, karas da kel ma zaƙi suke ƙarawa, don sanyi yana sa su tara sukari a jikinsu.

Yadda ake rufin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun tsakiyar Satumba ka tara tsofaffin zannuwan gado, barguna marasa nauyi, buhunan algarara, kwalaye da bokitai, ka ajiye su kusa. Shagunan kayan gwanjo suna sayar da zanen gado da araha. Akwai kuma farin yadi mara nauyi da ake yi musamman don lambu, yana ƙara digiri biyu zuwa huɗu, mai kaurinsa ya fi haka. Ranar da aka yi gargaɗi yakan ƙare a kanti kafin azahar.

Da safiyar ranar, ko da azahar, yi ban ruwa sosai a gindin shukar. Wannan yakan ba mutane mamaki, amma jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya shan zafin rana da riƙe shi, kuma wannan zafin ne za ta saki cikin dare. Ƙasa za ka jiƙa, kada ka jiƙa ganye. Idan ka lulluɓe gindin shukar da ciyawa tun bazara, ɗan janye ta gefe don rana ta taɓa ƙasar.

Tsakanin la'asar da magariba ake rufi, tun ƙasa ba ta saki ɗuminta ba. A farkon Oktoba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe bakwai, don haka mai aikin yamma ya roƙi wani ya yi masa. Abin da ya kamata ka fahimta shi ne, shuka ba ta da ɗumin jiki kamar mu, bargo ba ita yake ɗumamawa ba. Ɗumin ƙasa yake tarewa. Saboda haka wanda ya naɗe kan shuka ya ɗaure a wuyanta, ya bar ƙasa a waje, bai yi komai ba. Kafa turaku ko sanduna waɗanda suka ɗan fi shukar tsawo, shimfiɗa zanen a kai kamar rumfa, ka sauke gefunansa har ƙasa ta kowane ɓangare, ka danne da bulo ko duwatsu kada iska ta sami kafa. Gara ka rufe gindi huɗu da zane ɗaya babba da ka rufe kowanne daban, don faɗin ƙasar da ke ciki shi ne yawan ɗumin.

Leda ita kaɗai ba ta da kirki. Duk ganyen da ya taɓa ta zai ƙone. Amma idan ana sa ran yayyafi, ko sanyin zai kai 28, sa zane a ƙasa, leda ko tamfol a sama, don jiƙaƙƙen zane ba ya kare komai. A irin wannan dare nakan cika jarkoki da ruwa, in bar su a rana, da yamma in jera su tsakanin shukokin a cikin rumfar. Ƙananan shuke-shuke kuma, kifa musu bokiti ya wadatar.

Na cikin tukwane su ne suka fi sauƙi, kuma su ne suka fi haɗari idan an bar su, tunda saiwarsu ba ta cikin ƙasa. Zogale, shuwaka, da duk attarugun da ke tukunya, shigar da su gareji ko falo. Attarugu shuka ce mai shekaru, ba ta mutuwa da kanta bayan girbi ɗaya. Idan kana da gindi mai kyau, tone shi da ƙasarsa, rage rassan, wanke ganyen saboda darɓa, ajiye shi bakin taga kana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Baɗi zai riga sabon dashe haihuwa da makonni.

Washegari

Sanyi ya fi tsanani bayan sallar asuba, dab da fitowar rana. Kada ka buɗe a lokacin, ko da ka ga haske. Jira hantsi, sai farar raɓar da ke kan ciyawa ta narke, ma'auni ya haura 36. Kuma kada ka bar rufin har azahar, musamman mai leda, don rana za ta dafa abin da ka kwana kana karewa. Shanya zannuwan su bushe, da yamma ka sake duba hasashe.

Ganyen da sanyi ya kama za ka gan shi ya yi duhu, ya jiƙe, ya yi laushi. Ƙanƙara ce ta taru a tsakanin ƙwayoyin jikinsa ta zuƙe ruwansu. Idan na saman ne kawai, bar shi tukuna, zai zama laima ga na ƙasa a dare na gaba. Bayan kwana biyu za ka gane abin da ya rayu. Tumatir da attarugun da suka daskare suka yi taushi, dafa su a ranar ko ka zubar. Masana harkar abinci na gargaɗin kada a adana tumatir na matacciyar uwa a kwalba, saboda tsaminsa kan ragu, kuma tsamin ne ke hana ƙwayoyin cuta masu haɗari girma a ciki.

Dankali kada ya kwana da yawa a ƙasa bayan ganyensa ya mutu. Yanke yaɗon, ka tone shi a ranar ko washegari, don ƙasa mai sanyi tana lalata shi tun ba a gani. Tona a hankali, fatarsa ba ta da ƙwari. Ajiye shi a wuri mai ɗumi da laima, wajen digiri 80 zuwa 85, na mako ɗaya ko kwana goma, sannan ka mayar da shi inda bai gaza 55 ba. Kabewa kuma, idan farcenka ba ya huda ɓawon, yanke ta da ɗan wuyanta ka shigar kafin sanyin 28.

Kwanakin ɗumi

Su ne kwanakin da na fi so a shekarar Minnesota. Sauro ya mutu, ganyen bishiyoyi ya koma ja da rawaya, da azahar sai ka cire rigar sanyi. Amma kwanakin aiki ne, kuma ba a san tsawonsu ba. A ranar 1 ga Oktoban 2023 zafi ya kai digiri 92 a Minneapolis har aka soke babban tseren gudu na birnin, kuma watan bai ƙare ba sai da dusar ƙanƙara ta sauka. A 1991, guguwar da ta fara ranar 31 ga Oktoba ta zubar da dusar ƙanƙara inci 28 da ɗoriya a kan biranen nan biyu. Tsofaffin jihar har yau suna ba da labarin 11 ga Nuwamban 1940, ranar da gari ya waye da ɗumi, mafarautan agwagi suka fita bakin kogin Mississippi da tufafi marasa nauyi, kafin dare guguwa ta rufe su. Mutum 49 suka rasu a jihar. Don haka ko da rana ta yi daɗi, bargo da rigar sanyi su zauna a cikin mota.

A lambu, taimaka wa attarugu ya maida hankali kan abin da zai iya gamawa. Tsige duk sabon fure da ƙananan 'ya'yan da ba za su kai ba, rage ban ruwa, kada ka sa taki. Taki yanzu sabon toho zai fitar, sanyi na gaba kuma ya cinye shi. Ka riƙa tsinka duk bayan kwana biyu. Idan ka ga an sake hasashen 28 ko ƙasa, kuma ba alamar ɗumi a bayansa, kada ka sake jan daga: tuge gindin gaba ɗaya, rataye shi kai ƙasa a gareji, wasu 'ya'yan za su ƙarasa ja a haka.

Wannan ne kuma lokacin shuka tafarnuwa. Sashen koyar da manoma na Jami'ar Minnesota yana ba da shawarar a shuka ta mako ɗaya ko biyu bayan sanyin da ya kashe ganye. Ɓare ta ɗaiɗai, tsinin yana kallon sama, zurfin inci biyu, tazarar inci shida, sannan ka lulluɓe da busasshen karan alkama mai kauri. Za ta yi saiwa kafin ƙasa ta daskare, ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ka tone ta a Yuli. Sayi irin da aka noma a yankin, na kanti sau da yawa daga wuri mai ɗumi yake. Kwashe matattun karan tumatir, musamman masu tabon cuta, kada su kwana a fangali. Ƙananan bishiyoyi kuma ka ci gaba da ba su ruwa har ƙasa ta yi tauri. Kana cikin wannan aiki ka kula da kaska. Sanyin farko ba ya kashe ta, manyanta a watan Oktoba suke yawo, kuma ita ke ɗauke da cutar Lyme. Cusa ƙafar wando cikin safa, ka duba jikinka da na yara in kun dawo.

A gida, kwance tiyo daga famfon waje, zubar da ruwan cikinsa, rufe makullin wannan famfo daga cikin gida, ka buɗe na wajen ya tsiyaye. Ruwa yana kumbura idan ya daskare, kuma bututun da ya fashe cikin bango ba a gane shi sai ruwa ya cika ɗakin ƙasa. Duba iskar tayoyin mota, sanyi yana rage ta. Da sassafe, gada tana riga titi daskarewa, rage gudu kafin ka hau ta, ba a kanta ba.

Kunna hitar gida ka gwada ta yanzu, tun masu gyara ba su yi wuyar samu ba. Idan haya kake, dokar jihar ta wajabta wa mai gida ya samar da ɗumin da bai gaza digiri 68 ba daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu. A wannan tsakani kuma akwai dokar da ke kare mutum daga yanke masa gas ko lantarkin ɗumama gida, muddin ya kira kamfanin sun tsara yadda zai riƙa biya. Kiran shi ne sharaɗi, don haka kada kunya ta hana ka.

Ina roƙonku, 'yan'uwa, kada kowa ya shigar da kaskon gawayi ko murhun gashi cikin ɗaki ko gareji don jin ɗumi, ko da na minti goma ne. Ɗakunanmu na gida suna da kafofin da iska ke shiga, na nan kuwa a toshe suke ruf, kuma iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum har ta kashe shi. Kada kuma a tada mota a bar ta tana ɗumi a cikin gareji. Doka ta ce a sa na'urar gano wannan iska kusa da kowane ɗakin kwana. Danna maɓallinta yau ka ji ko tana ƙara, in ba ta yi ba ka canza batir, in kuma babu ita sam, ka gaya wa mai gidan a rubuce.